Kwanon Ɗakin Babanka

Zuwa ga ɗana Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da maiɗakinka. Yaya tarin nan? Direban motar kasuwa ya ce ya gan ka a ƙofar kamfani kana ta tari har ka dafa bango. Da na tambaye shi ko kana sa abin rufe hancin da suke ba ku, sai ya ce a wuyanka ya gan shi yana lilo. Auta, garin sabulu ba abinci ba ne. Ka sa shi a hanci. Ita kuma yarinyar nan kada ka bari ta riƙa ɗaukar jarkar ruwa da wannan cikin, ko da ta ce maka ba komai.

Ni lafiyata ƙalau, sai dai gwiwa, ita kuma mun saba da juna.

Ka yi haƙuri da rubutun, layin yana hawa yana sauka. Ka san da furfura na shiga ajin manya, hannun da ya saba da fartanya ba ya jin maganar biro. Amma da hannuna nake yi, ba wani nake faɗa wa ya rubuta ba, saboda haka duk abin da ka gani a nan maganata ce, babu ƙari.

Direba ya kawo saƙonka cewa ɗakin da kake gina mini a bayan naku ya kai linta. Allah ya yi maka albarka. Amma ba zan taso ba. Na faɗa maka da baki lokacin da ka zo, ka yi dariya ka ce za mu gani. To ga shi a rubuce.

Ka ce garinmu ya kusa zama kufai. Ni na fi ka sanin kufai, garin da aka haife ni shi ya zama. Duk wanda ka tambaya zai ce maka rijiya ce ta rufta, shi ya sa muka tashi. Rijiya ta rufta, gaskiya ne. Amma maza sun haƙa wata, kuma sun sami ruwa, ni na sha shi da bakina. Abin da ya faru shi ne, ana cikin haƙa kawuna ya kasa haƙuri, ya cire azarar ɗakinsa da ƙyaurensa ya ɗora wa jakuna. Maƙwabcinsa ya gani ya ce lallai wannan ya san abin da ban sani ba, shi ma ya cire nasa. Ranar da ruwa ya ɓullo a sabuwar rijiya, rabin gari babu rufi. Damina ɗaya ta narkar da bangwaye. Wanda ya so dawowa bai sami inda zai dawo ba. Na taɓa komawa kana goye a bayana. Tudun ƙasa kawai na tarar, da bishiyar ƙofar gidanmu, da rijiyar nan cike da ruwa, ba mai sha sai shanun masu wucewa.

Garin tsohuwar tasha ma, inda yayata ta yi aure, cewa ake yi jirgi ne ya daina tsayawa. Jirgi ya daina tsayawa suka ƙara shekaru suna zaune abinsu, suna noman albasa. Sai da mai shagon bakin dogo ya kwance kwanon rufinsa, kafin shekara ta zagayo gari ya watse. Ina can a lokacin, an kai ni rainon ɗanta, na gani da idona. Mutum yana iya kulle ƙofa ya tafi ya dawo. Wanda ya cire rufi kuwa ya gama magana, kuma kowa ya ji shi.

Mu nan ba mu kai can ba. Famfo yana ba da ruwa. Tela yana nan. Mai injin niƙa yana nan, kullum yana cewa muddin ina nan shi ma yana nan, don ni ce mai fara kai masa niƙa da safe. Damuwarmu makaranta ce. Malam ya tafi, kuma ban ga laifinsa ba, a cikin aji yake kwana, yana haɗa benci da benci. Ofishin ilimi sun ce ba za su turo wani ba sai an sami ɗaki mai kyau. Iyayen yara sai kallon juna suke yi. In makaranta ba ta buɗe bayan hutu ba, masu yara za su tafi, na sani.

Ka rubuto da wuri. Waya ba ta kamawa, ka sani, takardar nan ce kawai. In mota ta zo babu ita, abinci ba ya shiga.

Ni ce mahaifiyarka.

*

Zuwa ga Inna,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na karanta wa maiɗakina, ta ce in gaishe ki da kyau. Tari ya yi sauƙi. Ki gaya wa direba ya riƙa kallon hanya ya bar kallon wuyana. Jarka kuma ni nake ɗauka, har 'yan gidan haya sun fara kirana ɗan garuwa.

Inna, na ji labarin kufai. Tun muna yara kike ba mu shi, har na san jakunan kawu ɗaya bayan ɗaya. Amma ki duba. Kawu bai cire azara don nishaɗi ba, yana da yara suna kukan ƙishirwa. Mai shagon tasha bai kwance kwano don mugunta ba, ciniki ne ya mutu. Garin bakin kogi da ba ki ambata ba fa? Ƙudan kogin ne ya riƙa makantar da mutane, ko sun bar rufi ko sun cire dole su tashi. Gari yana mutuwa tun kafin a taɓa rufinsa. Namu kuwa tun da aka yi sabon titi aka bar mu a bayan tudu ya kwanta ciwo. Kwalbatin nan in ruwa ya cika ko keke ba ya wucewa. Ke kaɗai a gida mai ɗaki uku, in gwiwar nan ta kayar da ke, wa zai ji?

Ga kuma wannan. Maiɗakina ba ta da uwa, kin sani. Haihuwar fari ce, tana tsoro ko da ba ta faɗa ba, kullum tambayarta yaushe Inna za ta zo.

Ɗakinki rufi kawai ya rage, damina kuma ta matso. Na auna, kwanon ɗakin Baba ya isa har da saura. Mai kauri ne, ba irin na yanzu da ake lanƙwasawa da hannu ba. Ɗakin a kulle yake tun rasuwarsa, ɓeraye kaɗai ke morarsa. Kin ga ke nan ko a nan ƙarƙashin rufin Baba za ki riƙa kwana. Ki ba ni izini in turo kafinta.

Ɗanki, Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa. Na gode Allah da tari ya yi sauƙi, in gaskiya ka faɗa mini. Wannan takarda gajera ce, wuƙa ta yanke ni a babban yatsa, biro sai zamewa yake. Kada ka damu, ya fara kamewa.

Maganar 'yata, maiɗakinka, ta tsaya mini a rai. Ka ce mata tana da uwa.

Maganarka ta ɓeraye ta sa na buɗe ɗakin babanka. Gaskiyarka, bai kamata ya zauna haka ba. Na kwashe kayansa na ɗaure, na share, na wanke taga. Na yi kuka kaɗan, ya wuce. Lokaci ya yi da ɗakin nan zai yi amfani. Sauran bayani sai abin ya tabbata, ba na so in faɗa ya ƙi yiwuwa.

Direba yana ta danna hon. Ka ci abinci.

Mahaifiyarka.

*

Inna!

Allah ya saka miki da alheri. A tsaye na karanta a ƙofar kamfani, na sake karantawa, har mai gadi ya ce ko ƙarin girma aka yi mini. Na san kwashe kayan Baba ba ƙaramin abu ba ne a wurinki, ba zan manta ba. Maiɗakina ta kasa zama don murna. Ta ɗinka miki labule mai ruwan ganye, ta ce tana jin shi za ki so. Na gaya wa surukina da yayyenta, sun ce za su zo su taya ni ɗora rufi.

Kin ce sai abin ya tabbata. Ya tabbata, Inna. Kafinta zai biyo motar da za ta kawo miki wannan takarda, ya kwance, a loda, su juyo a ranar. Ke kuma sai an rufe an share in zo in ɗauke ki da kaina. Kada ki ɗaga komai da yatsan nan. Ki sa magani, ki ɗaure da tsumma mai tsabta.

Ɗanki mai murna, Auta.

*

Auta,

Ina gaishe ka don kai ɗana ne, kuma ina tambayar lafiyar yarinyar nan don ita ba ruwanta. Yatsa ya warke. Yanzu ka nemi wuri ka zauna. Kada ka karanta wannan a tsaye a ƙofar kamfani, karatun tsaye ne ya jawo mana abin da muke ciki.

A ina na rubuta maka na yarda? Ka ɗauko takardar ka duba. Malama na share wa ɗakin. Ofishin ilimi sun aiko cewa akwai wata malama mai 'ya'ya biyu da ta yarda ta zo, in akwai ɗaki mai ƙofa da rufin da ba ya yoyo. Ban gaya maka ba don ina tsoron ka ce baƙuwa ba za ta kwana a ɗakin babanka ba. Maganar kwano kuwa ban amsa ba don na ɗauka na gama amsa ta tun a takardar farko.

Ranar da motar ta zo ba na gida. Na yi sammako na taka har bakin titi, na shiga mota na je ofishin in ce musu ɗaki ya samu. Suka ce malama za ta zo ta gani da idonta. Na juyo ina murna, har sabon kwaɗo na sayo mata. Tun daga kan tudu na jiyo ƙarar. Auta, ka san kukan ƙusa in ana zare ta daga katako? Dogo ne, yana shiga haƙori. Na ji shi a garin tasha ina yarinya, ban taɓa mantawa ba. Na tsaya ina cewa wayyo Allah, gidan wa kuma? Da na gangaro sai na hango mutum a kan ɗakin babanka, rabin katako a waje, rana tana leƙa ciki.

Da gwiwar nan na yi gudu.

Na ce, "Kai bawan Allah, sauko!"

Ya ce, "Sannu da dawowa Inna, saura kaɗan. Ɗanki ne ya aiko ni."

Na ce, "Ɗana yana da gida a nan ne? Sauko kafin in janye tsanin ka kwana da tsuntsaye."

Ya sauko yana cewa ga takarda can ya tura ta ƙarƙashin ƙofa. Kwanon da ya cire an riga an loda shi a mota, a gefen kwandunan tumatir. Na kama ƙarfe na hau bayan motar, na zauna a kan kwanon da zafinsa da komai.

Direba ya ce, "Haba Inna, ki sauko, tumatir ɗin mutane zai narke."

Na ce, "Ya narke. Kai da ka iya kawo mini gulmar wuyan ɗana, ba ka iya ce wa mutumin nan ya jira matar gida ba?"

Ya ce, "Ni dai ɗan aike ne."

Na ce, "To ɗan aike, ko ka sauke mini kwanona, ko ka ja mu tare, kuma duk inda aka tsayar da kai a hanya zan ce sato ni ka yi."

Matan gari suka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Aka sauke. Na ce wa kafinta ya mayar yadda ya gan shi. Ya ce shi kwancewa aka aiko shi, kuma ƙusoshin duk sun lanƙwashe, bai zo da sababbi ba. Ya haye mota suka tafi suka bar ni da ƙura.

Amma ɓarna ta riga ta auku. Kafin la'asar na ji wajen inji ya yi shiru. Na je na tarar da mai inji a durƙushe da sifana yana kwance ƙafafun injin. Na ce mene ne haka? Ya ce, "Inna, ke kika ce ba inda za ki, ga shi kin kira kafinta a ɓoye. Ni ba za a bar ni in zama na ƙarshe ba." Na rantse masa, na ja shi na nuna masa kwano a ƙasa. Ya ce, "Yau kin hana. Gobe ɗanki ya sake turo wani." Matar tela kuma ta zo ta zauna kusa da ni, ta yi ƙasa da murya, tana tambayata ko akwai abin da na jiyo a ofis ne da ba na so in faɗa. Ka gani? Maganar maƙwabcin kawu ce ta dawo, ko kaya ba ta canza ba.

Yanzu kwano yana jingine da bango, hadari yana haɗuwa kullum da yamma, malama kuma tana tafe. Ba roƙon ka nake ka zo ba. Ƙusa mai hula nake so. Ina iya sayowa a bakin titi, ƙafata ba ta karye ba. Amma kai ka cire, daga hannunka nake so ta fito, in nuna wa mutanen nan in ce ga ƙusar ɗana.

Ni ce dai mahaifiyarka.

*

Inna,

Ina gaisuwa. Muna lafiya.

Mota ta iso babu kwano. Surukina da yayyen maiɗakina suna tsaye a tsakar gida da tsani da igiya, kowa ya bar aikinsa ya zo. Direba ya ba da labari a gaban kowa, har da yadda kika zauna, har da maganar sata. Suka yi dariya, ni ma na yi, don babu yadda zan yi. Maiɗakina ta ninke labulen ta sa a ƙasan akwati.

Kin ce in duba inda kika ce kin yarda. Na duba, babu. Amma kin rubuta in ce mata tana da uwa. Me kike so in fahimta?

Ke in kika tuna kufai, rufi kike gani. Ni in na rufe ido kwalbatin nan nake gani, ruwa ya shafe kansa, mota tana tsallake tana jira, mu muna wannan gefen ɗauke da Baba a kan ƙyaure. Kafin ruwa ya janye ya riga ya cika. Rufinsa yana nan daram a ranar, bai hana komai ba. Ba na so in sake tsayawa a bakin ruwan nan ɗauke da ke.

Ba zan aiko da ƙusa ba. Ba zan sa hannuna in kafe ki a wurin nan ba. Ki yafe mini.

Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Sallama. Mota ta zo ta koma, ta sake zuwa ta koma, ba ka ƙara rubutowa ba, ni ma ban rubuta ba. Na fara na yaga, na fara na yaga. Direba ya ce ka rame. Na ce ya rufe mini baki, sannan na bi shi har jikin mota ina tambayarsa ramar ta kai yaya. Kana cin abinci kuwa? Ƙafar maiɗakinka ba ta kumbura ba?

Ruwa ya sauka. Ni da tela da matarsa muka tura kwanon kan katako, muka danne da duwatsu da tsofaffin tayoyi. Iska ta ɗaga biyu ta jefa a gonar bayan gida, muka je muka ɗauko. Bango ɗaya ya jiƙe har ƙasa, na sa yatsa ya shige.

Mai inji ya tafi. Abu ɗaya na samu a wurinsa: na tsaya a ƙofarsa na ƙi matsawa har ya yarda ya bar kwanonsa a sama, ya ba ni makulli. Mun koma turmi, kafaɗata tana gaya mini.

Malama ta zo ta gani. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗaga kai ta kalli tayoyin ta ce, "Inna, wannan rufin mai tafiya ne ko mai zama?" Na ce mai zama ne. Ta ce an gaya mata ina da ɗa a birni yana son kwanon, ita kuma ba za ta kwaso 'ya'yanta ba, wata rana ta dawo daga aji ta tarar da sama a ɗaki. Ta ce in an buga shi kafin a koma makaranta, kuma ta tabbata ba mai sake cirewa, za ta zo. Tela ya ce mu sayo ƙusa kawai a huta. Na ce a'a. Kowa a garin nan ya san ƙusar da na saya ni kaɗai, kai kana iya turo mai zarewa.

Garin bakin kogi ban manta da shi ba. Wannan dole ce ta tashe su, kuma da ina can ni ce zan fara ɗaure kaya. Ban ce kowane gari a zauna ba. Amma mu nan idonmu ƙalau, ruwanmu yana zuba, ƙasarmu tana ba da hatsi. Tsoro ne kawai ke yawo gida gida.

Maganar kwalbati kuma. Auta, ni ce nake riƙe da kansa, ba sai ka tuna mini ba. Kuma ina jin tsoro, kada ka ɗauka ba na ji. In hadari ya haɗu nakan kalli gwiwata in kalli hanya. Amma ka tuna su wa suka ɗauki ƙyauren nan? Tela, da mai inji, da mai gyaran famfo, da kai. Da mun riga mun watse, da a ɗaki zai kwanta shi kaɗai, ba mai ɗaga shi. Kuma garin da ke da makaranta ake gyara wa kwalbati, ba a gyara wa kufai. A ajin nan na koyi rubuta sunanka. Ba ni za a riƙa ba yara labari a ce daga gidana aka fara ba. Ba zan zama kawu ba.

'Yata kuwa, na ce tana da uwa, kuma ban janye ba. In watanta ya kama zan zo da ƙullin kayana guda, in zauna har ta miƙe, ku shimfiɗa mini tabarma ko a ina ne. Zan kulle ƙofa in zo, in dawo in buɗe. Ta fito da labulen nan ta rataya a ɗakinku. Ruwan ganye nake so, ba ta yi kuskure ba.

In ba ka aiko ba, zan ƙara duwatsu in zauna.

Mahaifiyarka.

*

Inna,

Ina gaisuwa. Ina cin abinci. Ƙafarta ba ta kumbura ba. Ruwa ya cika ɗakin da na gina, kwaɗi sun tare a ciki, maiɗakina ta ce ko ba komai mun sami 'yan haya. Ita ta riga ni karanta takardarki. Ta fito da labulen, sannan ta ajiye mini takalmana a gabana ta ce 'yan katako ba su rufe shago ba tukuna.

Ƙusa ce a cikin ledar, mai hula, da gwangwanin kwalta na toshe tsofaffin hujoji. Ban canza ra'ayi ba, har yanzu ina ganin garin nan ba zai kai ba. Amma kwanon naki ne, ba zan sake turo kowa ba, ki nuna wa malama wannan layin. Sharaɗi ɗaya: kada ki hau tsani. Ki sa tela.

Ɗanki, Auta.

*

Ɗana Auta,

Sallama da albarka mai yawa gare ka da 'yata. Ka ce mata na ji labarin takalmi.

Leda ta iso. Ban kai ta ɗaki ba. A bakin mota na kwance ta gaban kowa, na zuba ƙusa a faranti, na ce wa direba, "Kai mai baki, faɗa musu wa ya ba ka." Ya ce, "Ɗanta ne, hannu da hannu, kuma abin hancin yana hancinsa."

Ka ce in sa tela. Na sa shi. Bai yi nisa ba ƙafarsa ta fara rawa kamar yana taka keken ɗinki, matarsa ta ce ya sauko tun bai mai da ita bazawara ba. Mai gyaran famfo ne ya hau ya jera kwanon ya shafa kwalta. Shi ya yi kusan duk aikin, kada hankalinka ya tashi. Amma ƙusar farko, Auta, sai dai ka yi haƙuri. Na ɗaure zanina, mata suka riƙe tsani, na hau ina ta addu'a, ban kalli ƙasa ba. Na yi ta saɓa mata kafin in sami kanta. Mai gyaran famfo ya ce in buga a hankali kada in lotsa kwano. Na ce a'a, da ƙarfi zan buga, so nake a ji har kan tudu.

An ji. Ƙarar bugawa daban take da ta zarewa, gajera ce, ba ta kuka. Matar gidan ƙarshe da ta fara ɗaure tukwanenta ta fito ta tsaya da igiya a hannu tana kallo. Ban san me za ta yi ba, ban tambaye ta ba. Inji bai dawo ba, kwalbati yana nan yadda ka san shi. Mai yiwuwa ƙarshenta kai ne da gaskiya. Amma ba bana ba.

Malama ta karanta layinka, kuma ta tare. Yaranta suna ta tsalle a kan gadon babanka, zuciyata ta yi wani iri, sannan na ƙyale su. Ta ce za ta sake buɗe ajin manya, ta ga rubutuna ta ce layina yana son gyara. Na ce ɗana yana karantawa a haka, matsalarsa kawai yakan karanta har abin da ban rubuta ba.

Ƙusa ta yi saura. Na adana ta a gwangwani, zan taho maka da ita ka fara tara naka kwanon, kwaɗi ba za su gaje ɗakin jikana ba. Da zarar 'yata ta fara jin alamar naƙuda ka aiko direba, kada ka jira. Makulli wajen malama zan bar shi.

An yi ruwa jiya kamar da bakin ƙwarya. Na shiga ɗakin, na tsaya a tsakiya, na ɗaga kai. Ko ɗigo.

Ni ce mahaifiyarka.